Kafin ka kai ɗanka kolejin addini, tambayi albashin malaminsa



Duk shekara, da zarar watan Satumba ya kama, kafin yara su koma lakwal a Oktoba, gidajen rediyo masu zaman kansu na Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai sukan cika da tallar makarantu. Kowace da sunanta na Larabci mai daɗin faɗi. Kowace ta yi alkawarin ilimin addini da na zamani, da tarbiyya, da hadda, da kwamfuta. In kuwa ka bi ta bakinsu, babu wadda ɗalibinta ko ɗaya ya faɗi BEPC bara. Uba yana saurare yana lissafin jikkunan da zai cire daga bakin iyalinsa, uwa tana tunanin ko ta sayar da tunkiyarta, dukansu tambaya ɗaya ke cin ransu: a cikin wannan tulin makarantu, wacce ce ta gaskiya?

Amsata ba za ta yi wa wasu masu makarantu daɗi ba. Ƙaramin kolejin addini mai zaman kansa yana fita daban da takwarorinsa ne ta yadda yake mu'amala da mutum uku da ba su da bakin kare kansu: malamin da ya ɗauka aiki, da ɗalibin da karatu ke yi wa nauyi, da yaron da ubansa ya kasa cika kuɗi. A nan ake ganin addinin makaranta. Fenti da suna da hijabi iri ɗaya da lasifika a kan masallaci kuwa, duk mai kuɗi yana iya sayensu cikin mako guda.

Buƙatar gaskiya ce ta haifi waɗannan makarantu

Kakanninmu sun daɗe suna gudun lakwal, don suna ganin ta a matsayin kayan nasara mai raba yaro da sallarsa. Madarasar farko da ta haɗa Faransanci da Larabci a ƙasar nan an buɗe ta a Say a 1957, tun kafin samun ƴancin kai, kuma manufarta ke nan: a ba uba hanyar da ɗansa zai yi karatun zamani ba tare da ya ji ya sayar da shi ba. A garin na Say ne kuma Jami'ar Musulunci ta fara karatu a 1986. Bayan babban taron ƙasa na 1991, da aka saki mara ga ƙungiyoyi, makarantun faranko-arab masu zaman kansu suka yi ta yaɗuwa, har ya zamana yau da wuya ka sami unguwa a manyan garuruwanmu da babu irinsu.

Halin da makarantun gwamnati ke ciki ya ƙara tura iyaye. Yajin aiki ya sha cinye watanni a shekarar karatu. Aji yakan cika har na baya ba ya ganin allo. Ba mu manta 2021 ba, shekarar da wuta ta cinye azuzuwan zana a Yamai cikin Afrilu ta kashe yara 20, ta sake yi a Maraɗi cikin Nuwamba ta kashe fiye da haka. Uban da ya ga wannan ya je neman makarantar kuɗi, babu mai ganin laifinsa.

To amma duk inda buƙata ta yi yawa, ƴan kasuwa ba sa nisa. Akwai bayin Allah da suka buɗe makaranta don su yi wa addini da al'umma hidima, suna nan, wasunsu ma daga aljihunsu suke cike giɓi. Akwai kuma waɗanda suka duba suka ga makaranta ta fi shagon siminti riba, musamman in aka rataya mata sunan sahabi. Daga waje kamarsu ɗaya. Aikin uba shi ne ya san inda zai leƙa don ya rarrabe su.

Ƙanƙanta ita ce jarin

Wanda ya taɓa zama a zauren malami a Birnin Damagaram ko a kowane tsohon gari namu ya san yadda ake karatun ilimi. Kowane almajiri da littafinsa, kowa da inda ya tsaya. Malam yana biya wa wannan Ahalari, ya juya ya biya wa wancan Ishmawi, na uku yana Iziyya, babba yana Risala. Ba a wucewa gaba sai an fahimci na baya. Malam ya san wanda ke da saurin ɗauka, ya san mai nauyin kai, ya san wanda ya zo bai karya ba. Babu tebur babu fanka, amma akwai abin da kuɗi ba ya saye, wato idon malami a kan kowane ɗalibi.

Wannan shi ne gadon da ƙaramin kolejin addini yake da haƙƙin yin tutiya da shi. Ba shi da ɗakin gwaje-gwajen babban lise, ba shi da filin wasa, sau da yawa ma gidan haya ne aka fasa bango aka mai da shi azuzuwa. Abin da yake da shi wanda babbar makaranta ba ta da shi, shi ne darakta yana iya kiran kowane yaro da sunansa da na ubansa, in yarinya ta yi kwana biyu ba ta zo ba akwai wanda zai lura ya aika gidansu.

Mu yi ɗan lissafi. Mushen Faransanci da ke riƙe da azuzuwa huɗu, daga 6e zuwa 3e, in kowane aji yara 35 ne, takardu 140 ke jiransa duk lokacin da ya ba da aikin rubutu. In ya ba kowace minti 10, ya ci awa 23 da ɗoriya. Da wahala, amma yana yiwuwa. A mai da ajin yara 70, takardun sun zama 280, kusan awa 47. Wane mahaluƙi ne zai yi wannan a kan awoyin da yake tsaye gaban allo? Abin da zai faru sananne ne: zai daina ba da aikin rubutu, ko ya riƙa sa maki ba tare da ya karanta ba. Yaro ya yi shekara huɗu babu wanda ya taɓa zama ya nuna masa kuskurensa.

Saboda haka makarantar da ta yi suna da yara 35 a aji, sannan da sunan ya jawo jama'a ta cusa 70 a ɗakin nan dai, ta sayar da abin da iyaye suka zo saye. Makarantar ƙwarai tana da wata kalma da ƴan kasuwa ba su iya faɗa ba: "Alhaji, a yi haƙuri, aji ya cika."

Mutum na farko: malam

Ku shiga bayan fage ku ji abin da malaman makarantun kuɗi ke faɗa in sun yarda da ku. Da yawansu ba su da takardar ɗaukar aiki. Ana biyansu da awa, wata tara kawai, babban hutu kuwa kowa tasa ta fisshe shi. Albashin Oktoba yakan shigo a Disamba. Wanda ya yi ciwo an yanke masa, wadda ta haihu ta tarar an sa wata a wurinta. Maganar yi musu rajista a CNSS, asusun da doka ta ce a sa ma'aikaci don tsufansa da haɗarin aiki, in ka tayar da ita sai a dube ka kamar ka yi saɓo. Tun Janairun 2024 mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jikka 42 ne a wata. Ku tambayi ustazun da ke koyar da Alƙur'ani da fiƙihu ko dukansu sun kai wannan, domin su aka fi rainawa. Da sun buɗe baki sai a ce musu ai aikin Allah ne, ladansu yana lahira.

Ina tambayar mai makaranta: kai me ya sa naka ladan ba ya jiran lahira? Kuɗin iyaye kana karɓarsa a nan duniya, lakadan, har da rasiɗi. Hadisin da ya yi umarni da gaggauta biyan ɗan ƙwadago haƙƙinsa, a makarantarka ake koyar da shi, wataƙila ma wanda ke koyar da shi yana bin ka bashin wata biyu. Yaran nan ba makafi ba ne. Suna ganin ustaz ya zo a ƙasa da takalmi tsinkakke, suna ganin motarka sabuwa a inuwa. Darasin da suke ɗauka daga wannan ya fi na cikin kaye zama a zuciya, kuma darasin shi ne addini magana ce da ake faɗa wa talaka don ya yi shiru.

Wannan ba maganar tausayi ba ce kaɗai, tana shafar karatun ɗanku kai tsaye. Malamin da albashinsa ba ya isarsa dole ya raba kansa tsakanin makarantu biyu ko uku, ya fita daga wannan aji da gudu ya hau babur ya nufi wancan. Da ya sami abin da ya fi, ya tafi, ko da a tsakiyar shekara ne. Ajin da ya canza mushen lissafi sau uku cikin shekara ɗaya bai yi lissafi ba. Makarantar da ke biya kan lokaci, wata goma sha biyu, ita ke riƙe malamanta shekara da shekaru, har wanda ya koyar da yaya ya koyar da ƙane, ya san gidan, ya san halin gidan. Ba ka buƙatar sufeto ya faɗa maka wannan. Tambayi kowane malami shekararsa nawa a wurin.

Mutum na biyu: ɗalibi mai rauni

Yanzu mu zo kan "ɗari bisa ɗari" da ake rubutawa da jan fenti. Ga yadda ake dafa ta. A ce makaranta ta ɗauki yara 60 a 6e. Duk ƙarshen shekara sai ta tace, wanda makinsa ya yi ƙasa a ce wa ubansa ya nema masa wani wuri. Kafin a kai 3e saura 25. A cikinsu akwai biyar da ake shakka, sai a lallaɓa iyayensu su yi musu rajistar jarrabawa a matsayin masu zaman kansu, don kada faɗuwarsu ta shiga lissafin makaranta. Aka gabatar da 20, suka ci su 20, aka buga ganga. Alhali cikin yara 60 da aka karɓi amanarsu, kashi ɗaya cikin uku ne suka kai gaci.

Ga wata kuma da ta ɗauki 35, ta riƙe 32 har 3e, ta gabatar da su duka, 24 suka ci. A takarda kashi 75 cikin ɗari gare ta, ba za ta iya shiga rediyo ta yi kuri ba. Amma cikin yaran da aka ba ta, fiye da kashi biyu cikin uku sun sami BEPC. Wacce ta fi yin aiki? Kuma in ɗanka ba ya cikin masu kaifin kai na gaba-gaba, wacce za ta fi amfanarsa?

Yaro mai hazaƙa ko a ƙarƙashin itace ka ajiye shi zai yi karatu. Makarantar da ta tattara masu hazaƙa ta kori sauran ba koyarwa ta yi ba, zaɓe ta yi. Gwanintar malami tana bayyana a kan yaron da ya fito daga CM2 yana tuntuɓe a karatu, aka zauna da shi da marece, aka koma da shi baya ba tare da an kunyata shi gaban ƴan uwansa ba, har ya tsaya da ƙafarsa. Akwai sura guda a Alƙur'ani, Muɗaffifina, da ta sauka kan masu tauye mudu. Ɓoye waɗanda aka kora a ƙirga waɗanda suka ci kaɗai, wane suna za mu ba shi in ba tauye mudu ba?

Akwai abin da ya fi wannan muni, kuma kowa ya san ana yi: ƙara wa yaro maki don uba ya ji daɗi ya sake biya, da neman hanyar satar amsa ranar jarrabawa. Makarantar da ta ja yara sallar azahar cikin sahu, sannan a ƙarshen shekara ta koya musu cewa ha'inci halal ne in za a ci BEPC, ta rusa da hannun hagu abin da ta gina da na dama.

Alkawarin harshe biyu

Cikin amanar ɗalibi har da cika masa abin da aka ce za a ba shi. Sunan makarantar faranko-arab alkawari ne na harshe biyu. Sau nawa muke ganin yaro ya gama 3e ba ya iya rubuta wasiƙar neman aiki da Faransanci, kuma in ka ba shi littafin Larabci marar wasali sai ya tsaya cak? An ba shi rabin wannan da rabin wancan, an karɓi kuɗin cikakku biyu.

Gaskiya ne kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ɗaga Hausa ya mai da ita harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Amma har yanzu lissafi da kimiyya da Faransanci yaro ke rubuta su a BEPC da BAC, kuma da shi zai zauna a ajin likitanci ko na aikin gona a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi. Mun kuma ga ƴan uwanmu da suka je Azhar ko Madina suka komo da ilimi mai zurfi, suka daɗe suna neman wurin aiki saboda rashin Faransanci. A ɗaya gefen, yaron da Larabcinsa bai wuce haddar baki ba, ba zai iya zama a Say ya bi darasi ba.

Walimar sauka tana da daɗin kallo: riguna farare, kuka na farin ciki, hotuna a WhatsApp. Hadda alheri ce babba, babu mai musu. Sai dai ita ce mafi sauƙin nunawa a bainar jama'a, shi ya sa wasu makarantu suka jingina da ita. Uba, in kana son sanin gaskiya, kada ka jira ranar walima. Buɗe littafin Larabci a shafin da ɗanka bai taɓa gani ba ka ce ya karanta ya fassara maka da Hausa. Ka sa wani ya yi masa haka da Faransanci. Gani ya kori ji.

Mutum na uku: wanda ubansa ya kasa

Akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare: da safe a shiga aji da takarda, a kira sunayen waɗanda ba su cika kuɗi ba, a fitar da su gaban kowa. Wasu ma sai ranar jarrabawar ƙarshen zango ake yi musu haka, don ya fi ciwo. Yaro ɗan shekara 12 ya fito yana sunkuyar da kai, ya rasa inda zai nufa, ya ƙare a tasha ko bakin kasuwa. Shi ya ci bashin? Ubansa ne ya sa hannu. Ladabin bin bashi da jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci suna cikin fiƙihun da ake karantar da shi a ajin da aka kore shi.

Babu mai cewa a yi karatu kyauta. Makarantar ƙwarai takan kira uban a ofis, a rufe ƙofa, a yi magana irin ta manya. Ta san manomi sai kaka yake da kuɗi, ta san ma'aikaci sai ƙarshen wata, sai ta tsara biya daidai da haka. Tana ware kujeru kaɗan a kowane aji don marayu da ƴaƴan marasa ƙarfi, tana zuwa wurin attajiran unguwa ta nemi zakka da sadaka dominsu, kuma ba ta tsayar da yaran nan gaban kyamara don a gode mata.

In kuɗi ya yi ƙaranci a gida, kowa ya san wanda ake fara cirewa: ɗiya mace. Daga nan sai talla, daga talla sai aure kafin ta gama 4e. Tun Disamban 2017 akwai dokar gwamnati ta kare karatun ƴa mace, amma takarda ba ta zuwa gidan kowa ta yi sallama. Darakta ne ke iya zuwa, ko ustaz da mutanen unguwa ke jin nauyinsa. Kuma makarantar addini ta fi kowa hujjar yin haka. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta ta ƙasar Gobir a 1754, cikin jihar Tawa ta yau, ya soki malaman zamaninsa a littafinsa Nurul Albabi kan barin matansu da ƴaƴansu mata cikin jahilci suna koyar da na waje. Ɗiyarsa Nana Asma'u ta kafa tsarin ƴan taru, tana tura jajis ƙauyuka su karantar da mata. Kolejin da ke kiran kansa na addini, yarinya ta ɓace daga rajistarsa bai taka ya je ya tambayi dalili ba, ya bar wannan gado.

Abin da masu makarantu za su ce

Na san amsarsu, kuma akwai gaskiya a cikinta. Za su ce iyaye na son karatu mai kyau da kuɗi kaɗan, wasu sai su yi shekara ba su biya ba su ɗauke yaro su kai wani wuri. Za su ce ga haya, ga wuta, ga ruwa, ga haraji. Za su ce in suka ƙara kuɗi talaka ya fita, in suka rage yara makaranta ta mutu.

To mu ɗauki misali mu auna. A ce azuzuwa huɗu, kowane yara 35, jimla 140, kuɗin shekara jikka 100. Miliyan 14 ke nan. A cire kashi 10 cikin ɗari na marayu da waɗanda suka kasa, saura miliyan 12 da jikka 600. A biya malamai takwas jikka 80 kowanne har wata 12, an kashe miliyan 7 da jikka 680. Abin da ya rage ya kusa miliyan 5, na haya da wuta da alli da mai gadi da CNSS da ɗan abin da mai makaranta zai ci. Kowa na iya canza alƙaluman daidai da garinsu, amma abin da lissafin ke nunawa ba ya canzawa: makarantar gaskiya tana iya rayuwa, sai dai ba ta mai da mutum attajiri. A cusa yara 70 a aji da malaman nan takwas, kuɗin shiga ya zama miliyan 28. Wannan ƙarin miliyan 14 ɗin, daga lokacin da ya kamata a ba kowane yaro aka yanko shi, da kuma daga lafiyar malam.

Neman halal ba laifi ba ne. Mai son riba mai yawa, ga kasuwar albasa, ga sufuri, ga gine-gine. Amma wanda ya rubuta sunan Allah ko na Manzonsa a ƙofarsa ya ɗora wa kansa sharaɗin da mai shagon siminti bai ɗora wa kansa ba. Idan kuɗin da kake karɓa ba zai isa ka biya malamai ka riƙe aji madaidaici ba, faɗa wa iyaye gaskiya, buɗe musu littafin kuɗin a taron ƙungiyar iyaye, ku nemi mafita tare. In kuma ba zai yiwu ba sam, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Mu ma iyaye da namu

Kasuwa abin da ake saye take kawowa. Mu ne muke tururuwa inda aka rubuta ɗari bisa ɗari. Mu ne muke fushi in an ce ɗanmu ya maimaita aji, mu ɗauke shi mu kai inda za a tura shi gaba ba tare da ya iya ba. Mu ne muke samun kuɗin biki da na sabuwar salula, kuɗin makaranta kuwa sai an yi ta aike. Uban da ke da hali ya ƙi biya, da hannunsa a cikin yunwar malam. Da yawanmu ba mu taɓa taka makarantar ba bayan ranar rajista.

Mu kuma tambayi kanmu abin da ya sa Musulmi da yawa, har da masu riƙo da addini sosai, suke kai ƴaƴansu makarantun mishan irin Mariama ta Yamai. Ba aƙidar wurin suke nema ba. Sun yarda ne cewa za a fara darasi kan lokaci, za a duba kayen yaro, makin da aka rubuta shi ne na gaskiya. Kiyaye lokaci da gaskiya da cika alkawari kuwa, wane littafin fiƙihu ne namu bai yi umarni da su ba? Abin kunya ne a ce sai mun tsallaka wani wuri muke sa ran samunsu.

Saboda haka bana, kafin ka zaro kuɗi, je da ƙafarka ranar da ake karatu, ba ranar biki ba. Leƙa aji ka ƙirga kawuna. Tambayi darakta yara nawa suka shiga 6e shekara huɗu da suka wuce, nawa daga cikinsu suka zauna BEPC da sunan makarantar. Keɓe da malami ɗaya ka tambaye shi yaushe aka biya shi na ƙarshe, kuma ko ana biyansa a lokacin hutu. Karɓi kayen wani ɗalibi ka duba ko akwai jan biro a ciki. Tambayi abin da ake yi wa yaron da ubansa ya makara da biya. Leƙa makewayin ƴan mata ka ga ko akwai ruwa da ƙofa. Mai gaskiya zai ji daɗin tambayoyin nan, har ya ƙara maka da abin da ba ka tambaya ba. Wanda ka ga ransa ya ɓaci ya fara kawo maka wa'azi maimakon alƙaluma, ka yi masa sallama cikin mutunci ka mai da kuɗinka aljihu.

Ku kuma malamai da ke cikin irin waɗannan makarantu, in ɗan uwa ya tambaye ku gaskiyar wurin da kuke aiki, ku faɗa masa. Shaida ce, kuma ƴaƴan mutane ne a tsakani. Masu makarantun da ke riƙe amana cikin wahala, ana biyan malami kafin mai gida ya taɓa ko dala, Allah ya saka muku, ya kuma sa iyaye su gane ku su cika muku azuzuwanku daidai yadda za ku iya ɗauka.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba mu ikon sauke nauyin da ya ɗora mana.